Sharit ɗin COB da na saka wa sensar layi: abin da na gani bayan wata huɗu

Assalamu alaikum 'yan uwa masu sha'awar haɗe-haɗen lantarki. Ni gyaran waya ne sana'ata a nan Madina, amma idan na rufe shago da daddare Arduino, ɗan allon lantarki da ake rubuta wa umarni, nake zama in taɓa, kuma abin da ya kai ni ga wannan fitilar da zan yi magana a kanta, wato sharit ɗin COB, doguwar fitilar LED siririya mai kama da tef, dabino ne. Kawuna yana da shago a kasuwar dabino nan kusa da Harami, yawancin masu saye a wajensa alhazanmu ne na Najeriya da Nijar masu haɗa tsaraba. To duk wanda ya san dabinon ajwa ya san kuɗinta da girmanta yake tafiya, manya daban, matsakaita daban, ƙanana daban, kuma da hannu yaran shago suke zama su ware, lokacin aikin hajji wallahi sai su kai ƙarfe biyun dare idanunsu sun yi ja. Wannan ne ya tsaya min a rai, na ce bari in gwada ɗan ƙaramin inji da zai dinga auna tsawon kowane dabino yana wucewa a kan bel.

Sensar da na yi aiki da ita TSL1401 ce, ta kamfanin TAOS na Amurka wanda ams na Ostiriya suka saye a 2011. Ga wanda bai santa ba, ita ba kamar kyamarar waya take ba da za ta ɗauko maka hoto mai tsawo da faɗi lokaci guda, layi ɗaya tal take gani, ƙananan idanu 128 ne a jere cikin tsawon wajen milimita 8, sai abu ya dinga motsi a gabanta tana ɗaukar layi bayan layi sannan hoto ya haɗu, yadda sikana take yi. Wayoyi biyar ne kawai, wuta, ƙasa (GND), SI mai ba ta umarnin farawa, CLK mai buga mata lokaci da AO inda karatun ke fitowa, kuma tana zuwa da ɗan lens a kanta. Haɗa ta bai ɗauke ni awa biyu ba. Haske ne ya cinye min kusan wata biyu, kuma shi ya sa nake wannan dogon bayanin, don na ga mutane suna kashe kuɗi da lokaci wajen zaɓen sensa sannan fitila su ɗauko duk wadda ke kusa, alhali sensar nan ba dabino take gani ba, haske take gani, duk abin da fitilar ta yi shi za ta rubuta maka.

Tsarin nawa bel biyu ne ƙanana da na haɗa da rola da moto na tsohuwar firinta, na bar 'yar tazara kamar milimita 5 a tsakaninsu, fitila tana ƙasan tazarar tana haskowa sama, sensa tana sama tana kallon ƙasa. Dabino ya zo tsallakawa sai ya tare hasken, inuwarsa ake aunawa. Faɗin da sensar take gani santimita 16 ne, idan ka raba wa idanu 128 kowane ido yana riƙe da milimita 1.25, wanda ya ishi ware dabino sosai.

Da farko ƙananan LED masu zagayen kai na milimita 5 na jera guda goma, irin waɗanda ke cikin kowace jakar kayan gwaji. Su haskensu a tsuke yake fita kamar tocila, sai zanen karatun idanun sensar da Arduino ke nunawa ya fito da tsaunuka goma da ramuka a tsakani. Na koma sharit na 5050, wanda ake liƙawa a jikin silin na ado, mai ƙwai 60 a mita. Ka lissafa, tsakanin ƙwai da ƙwai kusan milimita 17 kenan, wato wajen idanu 13 na sensar, ido yana ganinsa kamar haske ɗaya ne amma ita tana ganin kowane ƙwai daban, inda ke saitin ƙwai karatun ya kai 1000, tsakani ya faɗo wajen 400, kuma ƙaramar ajwa idan ta bi ta ramin nan sai injin ya kasa bambance gefenta da duhun da dama can yake wurin. Na ɗora takarda a kai, na ɗora farar leda, ya ɗan lafa amma sai na ja fitilar nesa sosai kafin ramukan su ɓace, kuma lokacin hasken ya yi rauni. Na kuma ciro fitilar tsohuwar sikana, ita gaskiya haskenta a daidaice yake don sanda ce ta roba mai ɗauko haske daga LED ɗin da ke gefe ta shimfiɗa shi, sai dai an yi ta ne don takardar da ke manne da gilashi, daga nesa ba ta da ƙarfi.

Wani mai shagon kayan wuta ne, bawan Allah mai haƙuri, da na yi masa bayanin mushkilar da rabin Larabci rabin nuni da hannu, ya ce min kai sharit COB kake nema. Ya ɗauko ya jona min a gabana. Ba ka ganin ƙwai ko ɗaya, layi ne guda mai santsi kamar an ja shi da alli, saboda ƙananan ƙwayoyin an dasa su ne kai tsaye a jikin sharit ɗin daf da juna sannan aka shafe su da wani abu ruwan ɗorawa mai laushi. Wanda na saya bolt 12 ne, ƙwai 480 a mita, faɗinsa milimita 8, babu wani sunan kamfani na kirki a jikin ledar, kuma ya yarda ya yanko min mita ɗaya maimakon ya tilasta min nadi gaba ɗaya, Allah ya saka masa. Ƙwai 480 a mita yana nufin tazarar kusan milimita 2 ce kawai, ƙasa da idanu biyu na sensar, ga kuma shafen da ke kai yana ƙara gauraya su. A daren da na saka shi na buɗe zanen, tsaunukan nan duk babu, sai layi ɗaya mai ɗan tudu a tsakiya. Na daɗe ina kallonsa, don wata biyu ina neman wannan layin.

Amma fa kada wani ya ɗauka daga saye sai aiki, akwai abubuwan da sai da na gyara, kuma babbansu ƙiftawa ce. Hasken ya yi wa sensar yawa, karatu ya manne a sama, sai na saka ɗan rimot ɗin rage haske da ake sayarwa tare da irin wannan sharit. Ido ya ga haske ya ragu lafiya lau, amma sensar sai ta rikice, wannan layin haske, na gaba duhu, na gaba rabi. Dalili shi ne irin wannan na'urar ba rage wutar take yi ba, kunnawa da kashewa take yi da sauri sosai yadda ido ba zai kama ba. Haka ma idan ka ce da analogWrite, umarnin rage wuta na allon Arduino Uno, za ka rage, yawancin filoginsa sau 490 suke ƙiftawa a sakan, wato kowace ƙiftawa kusan milisakan 2, kai kuma kana buɗe wa sensar ido na milisakan 3, to wani layin zai kama ƙiftawa ɗaya, wani ya kama ɗaya da rabi, wani kusan biyu, ba yadda za a yi su yi daidai. Na cire rimot ɗin gaba ɗaya. Shi ba laifinsa ba ne, don ado aka yi shi, amma don Allah kada ka haɗa shi da sensar layi.

Abin da ya yi min aiki LM317 ne, tsohon abin daidaita wuta mai ƙafa uku da ba ya tsada. Idan ka saka rizista tsakanin ƙafar fita da ƙafar saiti, ka ɗebi wutar daga ƙafar saitin zuwa fitila, to yana riƙe bolt 1.25 a kan rizistan nan, don haka wutar da ke bi ta cikin fitilar ita ce 1.25 a raba da ƙimar rizistan, ba ta hawa ba ta sauka. Ni om 10 na saka, ya ba ni miliamfiya 125, wanda ya yi ƙasa da abin da guntun santimita 20 ɗin nan zai ja idan aka sake shi a kan bolt 12, kuma hakan nake so. Sai dai shi LM317 yana buƙatar rarar kamar bolt 3 a sama da abin da fitilar ke ci, adafta mai bolt 12 ba za ta isa ba, cajar laftof mai bolt 19 na yi amfani da ita na ɗaura masa ɗan ƙarfen sanyaya don yana ɗumi. A nan ƙasar kuma a duba bayan cajar a ga an rubuta 100 zuwa 240, don wasu tsofaffin gine-gine har yanzu akwai soket na 127 a cikinsu.

Bayan wannan ma sai na ga wata 'yar rawa ta rage a karatun, ƙarama amma tana nan, musamman da daddare. Na kwana biyu ina zargin cajar, ashe fitilar silin ɗin ɗakin ce. Wutar Saudiyya zagaye 60 take yi a sakan, fitilun da ba su da kyakkyawan tacewa kuma suna ƙiftawa ninki biyu na hakan, sau 120, kowace ɗaya milisakan 8.33. 'Yan uwa na Najeriya da Nijar da Sudan ku taku 50 ce, ƙiftawa 100, milisakan 10, don haka idan kun ga lambar (code) da wani ya rubuta wa Arduino a intanet kada ku kwafa haka nan, ku duba wutar ƙasarsa tukuna. Magani biyu ne, ko ka sa lokacin buɗe idon sensar ya zama daidai da ƙiftawa ɗaya cikakkiya, ko ka rufe wurin kada hasken ɗaki ya shiga. Ni na biyun na ɗauka, na yi akwati da kwalin dabino na shafa masa baƙin fenti marar sheƙi a ciki. Akwatin ya kuma magance min rana, don silikon ɗin da aka yi sensar da shi yana ganin hasken da ya wuce ja wanda idonmu ba ya gani, kuma ranar Madina cike take da shi, da ana buɗe ƙofar shago karatu yake tashi.

Wani abin da ya shafi haske kuma mutane suna ɗora wa fitila laifi alhali daga lambar da suka rubuta ne. Uno yana ɗaukar sama da maikurosakan 100 kafin ya karanta ido ɗaya, idanu 128 kenan wajen milisakan 14, kuma duk lokacin nan da kake karanta wannan layin sensar tana can tana tara hasken layi na gaba, don bayan bugun CLK 18 na farko take fara tarawa har sai an sake ba ta SI. Shi ya sa komai yake fari fat. Ni sai in ba ta SI in kora bugu 129 da gudu ba tare da karantawa ba, in jira milisakan ɗin da nake so, in sake ba ta SI sannan in karanta a nutse. Da haka kai ke riƙe da lokacin, kuma da shi ya kamata ka dinga daidaita haske kafin ka taɓa fitilar.

Yanzu zafi, wanda shi ne inda sharit ɗin ya fi ba ni matsala. Kowa ya san bazarar garin nan, sama da digiri 40, kuma bayan shagon kawu inda injin yake esi ba ya kaiwa sosai. Da farko a jikin katako na liƙa shi da gam ɗin da ya zo da shi, cikin sati biyu gefe ɗaya ya ɗago ya lanƙwashe, haske ya karkace, tsawon dabino ya fara fitowa ba daidai ba. Gam ɗin nan gaskiya ba shi da ƙarfi, wannan aibi ne kuma dole in faɗa. Na koma na sayo 'yar kwatar alminiyam da ake saka irin sharit ɗin a ciki mai farin murfi kamar madara, na goge ta da sifirit na sake liƙawa na ɗaure bakin biyu. Alminiyam ɗin yana janye zafin, murfin yana ƙara daidaita hasken, sannan ga wani amfani da ban yi tunaninsa ba, dabinon sukkari mai laushi yana ɗigar da zumarsa ta tazarar bel ɗin, ga ƙura ga ɓawo, da a kan sharit ɗin kai tsaye suke zuba kuma shafen nan mai laushi yana kama datti, yanzu murfin kawai nake gogewa da jiƙaƙƙen tsumma kullum da safe. Duk da haka LED idan ta yi ɗumi haskenta yana ɗan raguwa, ni a nawa daga kunnawa karatun tsakiya yana wajen 900, bayan minti goma ya sauko kusan 860 ya tsaya a nan. Don haka nake barinta ta yi minti goma a kunne kafin in yi saiti.

Saitin kuma ga yadda yake. Na ce muku layin yana da tudu a tsakiya, gefe da gefe ya fi duhu. Wannan ba daga sharit ba ne, halin lens ne, hasken da ya shigo a karkace yana raguwa sosai, a kusurwar digiri 30 abin da ke isa bai fi kashi 56 cikin 100 na tsakiya ba. Na ɗaga sensar sama kaɗan don kusurwar ta ragu, na kuma yanka sharit ɗin ya fi faɗin da ake gani tsawo, santimita 20 a kan 16, don bakin fitila kullum ya fi rauni tunda ba shi da maƙwabci ta gefe ɗaya. Sauran kuma lissafi ne, a kashe fitila a ajiye karatun duhu na kowane ido, a kunna ba komai a kan bel a ajiye karatun haske, daga nan kowane sabon karatu a cire masa na duhu a raba da bambancin haske da duhu na wannan idon. Layin sai ya miƙe sak. Amma ku lura, wannan lissafin yana gyara tudu mai laushi ne, ramuka masu zurfi irin na 5050 idan ka ɗaga su da lissafi har da hayaniyar da ke ciki kake ɗagawa, na gwada kafin in samu COB kuma bai yi ba.

Maganar kala, mai shagon ya tambaye ni abyad ko asfar, fari tas ko mai ɗan ja-ja. Na ɗauki mai ɗumin, wato mai ɗan ja-jan, 3000K, daga baya na sayi guntun farin tas, 6500K, don in kwatanta. Farar LED asalinta shuɗiya ce, ƙwayar tana fitar da haske wajen nanomita 450, shafen nan ruwan ɗorawa shi ke juya wani ɓangare ya koma rawaya da ja su haɗu ido ya ga fari, kuma shuɗiyar LED ɗin nan ce ta sa aka ba Akasaki da Amano da Nakamura kyautar Nobel a 2014. Ita kuma sensar silikon ta fi jin ja a kan shuɗi, takardar bayanin TSL1401 ma da jar fitila mai nanomita 640 suka yi awonsu. A wuta iri ɗaya mai ɗumin ta ɗan fi ba ni karatu duk da a ido farar tas ta fi kama da mai ƙarfi. Ga aikin inuwa irin nawa bambancin bai da yawa, kowacce ka samu za ta yi, sai dai kada ka auna ƙarfin fitila da idonka.

Wajen yankawa da soda a yi hattara. Nawa duk santimita 2.5 akwai alamar yanka, kuma wuraren sodar ƙanana ne ƙwarai, ga jan ƙarfen siriri, idan ka daɗe da ƙarfen soda a kai sai ya ɗago. Ni da na saba da allon waya bai dame ni ba, amma wanda hannunsa bai faɗa ba ya sayi 'yan maƙalan da ake matsawa. Kada kuma a lanƙwasa shi da ƙarfi, guntu ɗaya ya mutu min a haka, sashe guda ya yi duhu a tsakiya.

Ranar da na kai wa kawu ya gani, na zuba ajwa a kan bel tana wucewa lambobi suna fitowa, ya ɗauki guda ya auna da rula ya ga daidai, ya sake ɗaukar wata. Sai ya ce, to ɗana, tsawo kam ya gani, mai tsutsa da wanda ya fashe fa? Na ce kawu ku ƙara min lokaci, wannan sai an hasko ta sama. Kuma a nan ne iyakar sharit ɗin ta fito fili. Na gwada ɗora shi sama kusa da sensar, fatar dabino tana da sheƙi, musamman safawi da sukkari, sai ƙyallin ya dawo kai tsaye cikin lens ya zama farin ɗigo, ajwa kuma baƙa ce wuluk tana shanye hasken, abin da ke dawowa kaɗan ne. COB haskensa a baje yake fita ko'ina, wanda shi ne alherinsa a aikin inuwa, amma a nan yawancinsa ɓata yake yi a wurin da sensar ba ta kallo. Na karkatar da guda biyu ta gefe da gefe kamar digiri 45, ƙyallin ya ragu sosai, sannan na ɗora sandar roba mai gani-har-hanji mai kaurin milimita 10 a gabansa ta tattara hasken ya zama siririn layi, ya ƙaru ƙwarai amma har yanzu ajwa ba ta fito yadda nake so ba, kuma idanu 128 sun yi kaɗan wajen ganin ƙaramin rami. Ina tunanin komawa TCD1304 ta Toshiba mai idanu 3648, ita kuma Uno ba zai iya saurinta ba sai an canza allo.

Don haka ga wanda aikinsa auna inuwa ne, ko ƙirga abu a kan bel, ko gano gefen takarda ko yadi, ko motar wasa mai bin layi a ɗaki, ni na gamsu da sharit ɗin nan kuma zan sake saye, in dai zai haɗa da kwatar alminiyam da LM317 ya bar rimot a shago. Wanda kuma yake son ganin fatar abu mai duhu daga sama, ya san cewa zai buƙaci abin tattara haske ko fitila mai ƙarfi fiye da wannan. Injin yana bayan shagon kawu yanzu wata huɗu, fitilar ba ta canza kala ba kuma ba ta ƙara ɗagowa ba, yaran suna zuba masa ajwa da mabrum bayan la'asar, abin da ya rage min shi ne ɗan hannun da zai dinga ture kowane dabino cikin kwandonsa, ƙananan moto irin servo guda uku na yi oda domin shi ina jira su iso.